Falle nawa zan ƙara wa Hilux?

Tambayarka ta iso ni. Ka ce wani ya kawo maka Hilux mai ƙofa huɗu, yana so ka ƙara mata ƙarfi a baya, ka kuma ɗaga ta, don zai riƙa jan 'yar tirela da tankin ruwa zuwa gona, hanyar kuwa duk kwazazzabai ne da yashi. Sai ka ce: "Oga, fallen sifirin nawa zan ƙara, kuma na wace mota zan samo?"

Da jin wannan na san ba ka tambayi mai motar komai ba. Tankin lita nawa ne? Tirelar tana da birkinta ko babu? Zai ja tankin ne bodin motar ba komai, ko zai ɗora taki da mutane a kai? Ku yaran yanzu haka kuke, mota na shigowa kun rarumi sifana, ba wanda zai tsaya ya ji me za a yi da ita. Mutumin nan aiki biyu ya kawo maka waɗanda ba sa ga maciji da juna. Jan kaya yana son sifirin, wato fallayen ƙarfen da bayan mota ke zaune a kai, ya zama mai tauri, mota kuma a ƙasa-ƙasa. Daji yana son sifirin mai laushi, wanda zai bar taya ɗaya ta hau tudu ɗayar ta sauka rami ba tare da ta bar ƙasa ba. Ka taurara ta sosai, ranar da ta fita ba kaya tayar baya za ta riƙa rataya a iska tana juyawa a banza, a hanya mai gargada kuma gindin motar ya riƙa tsalle yana gocewa. Shi ya sa Toyota suka yi sifirin ɗin hawa biyu: fallaye sirara a sama masu aiki kullum, masu kauri a ƙasa waɗanda ba sa karɓar aiki sai kaya sun danne. Kamfanin da ke ƙera wannan mota tun 1968 bai manta da falle biyu ba har sai kai ka zo ka tuna masa.

Kuma ka sa wannan a kanka: sifirin ba ya ƙara wa mota abin da za ta iya ɗauka. Sabon akumari ba ya ƙara wa jaki ƙashin baya. Casis ɗin nan, wato firam ɗin ƙarfen da ke ɗauke da motar, dai shi ne, aksul mai haɗa tayoyin baya shi ne, birki da tayoyi su ne. Hilux kayan tan ɗaya ko kusa da haka aka yi ta ta ɗauka, kuma a cikin tan ɗayan har da direba da fasinjoji da nauyin da tirela ta ɗora a kan ƙugiya. Tirelar da ba ta da birki kuwa, kilo 750 ne iyakarta. Ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne, ka ga tankin lita 2,000 tan biyu ke nan tun ba a lissafa ƙarfen tirelar ba. Eh, akwai sababbin Hilux na bayan 2015 da aka rubuta musu jan kilo 3,500, amma da tirela mai birki ne, a kan kwalta, ba a kwazazzabo ba.

Dalilin da ya sa ma na zauna ba ka amsa, wani ɗan kwangilar haƙa rijiyar burtsatse ne ka tuno min, wanda har gobe in na tuna shi abinci ba ya min daɗi.

Ya zo min da irin wannan buƙata sak. Farar Hilux mai ƙofa huɗu, tsaf da ita, shi kuma babbar riga da ƙamshin turare, baki kamar ya san ni tun muna yara: "Oga, ai kai kaɗai aka ce min a garin nan." Zai riƙa jan tankin ruwa zuwa wuraren aiki a ƙauyuka. Na zaunar da shi na yi masa lissafi. Na ce ba zan cusa masa fallen babbar mota ba, sabon saitin sifirin mai ɗaukar kaya za a saya gaba ɗaya, hagu da dama, da shakazoba da ta dace da shi, da sababbin yu-bol masu ɗaure sifirin da aksul, da bushin, wato robar da ke bakin sifirin. Na ce tankin kada ya wuce kaza, in yana ja kuma bodi ya zama ba nauyi. Ya ce, "Duk yadda ka ce, Oga." Ya ba da ɗan kafin alƙalami, wai gwamnati ba ta biya shi ba tukuna, ƙarshen wata zai cika. Ni da kaina na shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano na zaɓo kayan, da kuɗina, da sunana a wurin masu shago. A lokacin, in dattijo mai furfura ya ce maka ƙarshen wata, ba ka cewa ya sa hannu a takarda.

Na yi aikin da ko yau aka ce in sake, haka zan yi shi. Mota ta tsaya daidai, ya zaga da ita ya dawo yana washe baki. Daga nan ko ƙeyarsa. Waya ba ya ɗauka, in na aika yaro gidansa a ce ya yi tafiya.

Sai da damina ta wuce, rannan da hantsi, sai ga motar a bayan babbar mota an ɗauko ta, shi kuma a gaba da ɗan sanda. Tun daga bakin gareji na san abin da ya faru. Gindinta ya sunkuya, tsakanin kai, wato wajen zaman mutane, da bodi ya buɗe daga sama har tafin hannuna ya shige a kwance, daga ƙasa kuwa ko yatsa ba ya shiga. Casis ya lanƙwashe daidai bayan kujerar baya. Yana ta ɗaga murya wai na lalata masa mota. Na ce a sauke ta in leƙa. Da na kwanta a ƙarƙashi, wallahi ban gane aikina ba. An cusa fallaye na babbar mota da aka yanka da gas, bakinsu duk ya yi shuɗi. An sa bulo na ƙarfe tsakanin sifirin da aksul don a ɗaga ta. Yu-bol ɗina babu su, an lanƙwasa rodin gini an yi masa zare an ɗaura. Ƙugiyar ja kuma an yi mata ƙari da walda, ta fito baya kusan kamu guda, don wai tirela tana taɓa bodi in an sha kwana.

Yaron motarsa ne ya ja ni gefe ya faɗa min gaskiya: buhun siminti 25 a bodi, kilo 1,250 ke nan, mutum biyar a ciki, ga tanki cike a baya, direba ya faɗa mashigin wani busasshen rafi bai rage gudu ba. Amma da aka je gaban hukuma yaron ya ce shi bai ga komai ba, kuma ban ga laifinsa ba, abincinsa yake karewa. Shugabannin ƙungiyarmu ta makanikai suka shiga tsakani, aka yi ta "a yi haƙuri, a duba zumunci." Ƙarshenta cikon kuɗina ya bi ruwa, aka kuma ɗora min rabin kuɗin miƙar da casis ɗin da ban lanƙwasa ba. Bashin masu shago sai da na sayar da injin waldana na biya. Abin da ya fi ƙona min rai, ya bi gari yana cewa kada a kawo min Hilux. Yanzu in mun haɗu a masallacin Juma'a har hannu yake miƙo min. Ina karɓa, don ba a ƙin musabaha, amma Allah ya isa tsakanina da shi.

Ka lura da abin da ya karya motar, don ba simintin kaɗai ba ne. Tsakanin tayar gaba da ta baya a Hilux mita 3 ne da 'yan kai, ƙugiya kuma tana bayan aksul da fiye da mita ɗaya. Ka ɗora kilo 200 a kan ƙugiya, aksul na baya zai ji kusan 280, gaba kuma ta rage nauyi da kusan 80, sitiyari ya yi sakayau, fitila ta koma haska sama. Duk ƙarin da aka yi wa ƙugiya baya, lissafin sai ya ƙara muni. Mota mai ƙofa huɗu kuwa yawancin bodinta a bayan aksul yake. To da sifirin mai laushi, mai mota zai ga gindi ya zauna ya ji tsoro ya rage kaya. Da ka taurara shi, mota na tsaye ƙyam, sai ya ɗauka ba ta ji ba, ya ƙara. Dukan rami kuma in ya zo, sifirin ya ƙi lanƙwasa, casis ne zai lanƙwasa a madadinsa. Masu sa balan-balan ɗin iska tsakanin aksul da casis su ma su yi hattara in suna cika masa iska: yana tura nauyi a wuri guda da ba a yi shi don haka ba. A Ostireliya, inda ake jan tirelar kwana zuwa daji da irin waɗannan motoci, lanƙwashewar casis a bayan kai sanannen abu ne.

Abin da za ka yi wa mutuminka: in tankin ya wuce kilo 750 da tirelarsa, ya fara sa wa tirelar birki kafin ku yi maganar sifirin. Nauyin da zai sauka kan ƙugiya ya zama kamar kashi 10 cikin 100 na nauyin tirelar. In ya gaza haka tirela za ta riƙa wutsiya a gudu. Ka gaya masa kuma tanki rabi ya fi cikakke haɗari, don ruwan yana kai-kawo yana tura mota a kwana da wajen taka birki. Sannan a sayi saiti guda mai matsakaicin tauri. In kuɗinsa bai kai ba, falle ɗaya dogo a kowane gefe, mai faɗi daidai da na motar, da sabon santa-bol, wato bol ɗin tsakiya mai haɗe fallayen. Ɗagawa kada ta wuce inci biyu. Bulo kuwa kada in ji, don yana ba aksul damar murɗa sifirin duk lokacin da taya ta kama ta saki a yashi, da haka ake karya uwar sifirin, wato babban falle, da joyin ɗin farfela, sandar da ke kai juyi daga giya zuwa aksul.

Yadda ake jak da kwance sifirin ba zan ɓata bakina ba, wanda bai iya wannan ba ya koma wankin noti. Amma ga inda na san za ka yi barci. Hilux ɗin da ba ta da ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, leƙa saman aksul na baya za ka ga wani bawul da ɗan sandan ƙarfe ya haɗa shi da aksul. Shi ke auna yadda mota ta zauna ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. Ka ɗaga mota ba ka gyara sandan ba, bawul zai ɗauka kullum ba kaya, ya rage wa baya birki a ranar da tan biyu ke tura ta a gangara. Yara nawa na gani sun cire shi sun yar wai ba shi da amfani, don ba su gan shi a bidiyon waya ba. Ka ɗaga casis ka bar aksul ya rataya, ka duba tiyon birki: in ya miƙe tantsan a canza da dogo. Shakazoba ma haka, kada ya zama ita ce ke riƙe aksul in ya sauka. Gwajinta ba wuya: a zaga da mota a gargada, ka taɓa jikinta, mai aiki za ka ji ɗumi, wadda ta mutu sanyi ƙalau. In ka ji rawa a ƙarƙashin kujera bayan ɗagawa, kwanar farfela ce ta canza, a sa siririn weji a gyara.

Wuta kada ta taɓa sifirin, ko walda ko gas, don da zarar ya yi ja ya rasa ƙarfinsa. Notin bushin ba a ƙarasa ɗaure shi sai mota ta sauka kan tayoyinta. Yu-bol tsoho ba a mayar da shi, sabon ma ka ce ya dawo bayan ya yi 'yar tafiya da kaya a sake matse shi.

Kuɗin kaya ya biya duka kafin ka kwance noti ɗaya. Nauyin da kuka yi magana a kai ka rubuta a takarda ya sa hannu a gaban mutum biyu, in ka gama kuma ka kwanta a ƙarƙashi ka ɗauki hoton aikinka ta kowane gefe da wayar nan da ba ta barin hannunka. In ya ce shi dai fallen babbar mota yake so, nuna masa ƙofa. Ranar Asabar ka kawo min motar da tirelar tare, tanki a cike, in gani da idona.