Na nuna musu gidan maƙwabcina ranar tarzoma, mene ne hukuncina?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni mai sayar da abinci ce a unguwar Bukoki, nan Yamai. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 na fita zanga-zanga tare da mata, kuma lokacin zaman dirshan a shataletalen Eskadiri na yi ta dafa shinkafa ina kai wa matasa kyauta. Amma akwai abin da ke hana ni barci. A kwanakin farko wasu samari suka zo neman gidan maƙwabcinmu, ɗan jam'iyyar da aka hamɓarar, na nuna musu da hannuna. Suka ƙone motarsa, suka kwashe kayan shagon matarsa, amma ba a rasa rai ba. Wata malama a rukuninmu na WhatsApp ta ce kada in damu, juyin juya hali jihadi ne, Nana A'isha ma ta jagoranci yaƙi. Mene ne matsayina?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata, rashin barcin nan alheri ne, ki gode wa Allah da zuciyarki ba ta mutu ba.

Abubuwa uku kika haɗa, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Ciyar da mai jin yunwa sadaka ce. Fitar mace cikin sutura ta faɗi ra'ayinta ba tare da ɓarna ba, da yardar mijinta, ban ga haramci a ciki ba. Matan Yamai sun yi haka ranar 13 ga Mayun 1991 suna neman a ba su kujeru a shirin taron ƙasa, ba su ƙone ko tabarma ba. Shi kansa juyin mulkin ba shi kika tambaye ni ba, ba zan shiga ba. Magana tana kan hannun da kika ɗaga.

Kin ce samarin suna neman gidan ne. Ke nan ba su san shi ba sai da kika nuna. A nan hukunci ya sauya. Da sun riga sun san ƙofar, laifinki na wanda ya ga ɓarna ya ji daɗi ne, tuba ta wadatar. Amma wanda ya nuna wa azzalumi dukiyar wani har ta salwanta, maganar da aka fi dogara da ita a mazhabar Imam Malik ita ce lamuni, wato biyan abin da ya salwanta, yana hawa kansa. Har malamanmu suka ce wanda ya nuna mutum aka kashe shi, in ba don nuninsa ba da ba a same shi ba, hukuncinsa irin na wanda ya riƙe shi aka yanka ne, wato kisasi. Ki dubi ramin da Allah ya tsallakar da ke. Su wuta suka zo da ita, kuma akwai yara a gidan.

Yanzu ga maganar malamar taku. Wannan hujja ta Yaƙin Raƙumi tana yawo a wayoyi, kuma mafi yawan masu tura ta ba su karanta ƙarshen labarin ba. Uwar Muminai A'isha ta nufi Basra a shekara ta 36 bayan Hijira, bayan kisan Sayyidina Usman, da niyyar sulhu da neman a hukunta makasa. Ba ta fita don tumɓuke Sayyidina Ali ba, ba ta riƙe takobi ba, ba ta aika kowa ya fasa gidan wani ba. A hanya ma, da suka kai ruwan Hau'ab ta ji haushin karnuka, ta so ta juya, aka rinjaye ta da cewa ganinta zai sa mutane su daidaita. Me ya biyo baya? Ɗalha da Zubairu, biyu daga cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna, suka rasa rayukansu, Musulmi suka faɗi bila adadin a gefen raƙuminta. Ummu Salama, ita ma Uwar Muminai, ba ta bi ta ba. Abu Bakrata ya zauna a gida. Ammar ya tsaya a Kufa ya ce wa mutane lalle A'isha matar Annabinku ce duniya da lahira, amma Allah ya jarrabe ku da ita. Ita kanta an ruwaito cewa in ta tuna ranar takan yi kuka har mayafinta ya jiƙe. To, yaya za a ɗauki abin da mai shi ta yi nadamarsa a mai da shi tuta? Ijtihadi ne ta yi, muna fatan ta samu lada a kan niyyarta, ba mu kama sunanta da mugun baki. Amma ijtihadin da mai shi ya janye ba a gina fatawa a kansa.

Wasu kan ƙara da Nusaiba 'yar Ka'ab a Uhudu. Nusaiba ta tare maharan da suka taso daga Makka suna neman ran Annabi, sallallahu alaihi wa sallam. Fiƙihunmu ya yarda cewa in abokan gaba suka auka wa gari ba zato, kariya ta hau kan kowa har mace. Maƙwabcinki fa? Kuna salla a masallaci ɗaya, saɓaninku na jam'iyya ne. Ko da ya ci dukiyar ƙasa, alƙali ke bincike, ba gungun samari da bidon isansi ba. Kiran kayan shagon matarsa ganima kuwa, ba malamin da ya faɗa. Fashi ne.

Ina ƙara miki da abin da ba ki tambaya ba. Mun ga sojoji sun karɓi mulki a 1974, 1996, 1999, 2010 da 2023. Kowane karo akwai masu guɗa, akwai waɗanda ake nuna gidajensu, kuma sau da yawa mai guɗar bana shi ake nunawa baɗi. Daren 15 ga Afrilun 1974 da aka kifar da Shugaba Diori Hamani, matarsa Aissa ce harsashi ya samu. Tarzoma ba ta ware mace. Masu kunna ta sun san ba a cika binciken mai hijabi ba, kuma mace ce ta san wanda ke kwana a kowane gida a unguwa, shi ya sa suke neman ku. In an sake zuwa da tambayar gidan wane, ki ce su tafi wurin mai unguwa. In aka ba ki ƙunshi ki ɓoye, kada ki karɓa.

Abin da ke kanki: ki tuba, sannan ki nemi yafiyar maƙwabcin da matarsa, domin haƙƙin bawa istigfari kaɗai ba ya sauke shi. Kada ki je ke kaɗai. Ki sanar da maigidanki, ku sa limamin unguwa ya shiga tsakani cikin sirri. In suka yafe, alhamdu lillahi. In suka nemi a biya su, waɗanda suka cinna wutar da hannunsu su ne na farko, in an san su kuma suna da hali. In ba haka ba a sasanta da ke a kan abin da za ki iya, ko jika biyar-biyar ne duk wata. In kina tsoron bayyana kanki zai jawo miki cuta ta gaske, liman ya kai musu kuɗin ba tare da ambaton sunanki ba. Malamar kuma ki kira ta ke da ita, ba cikin rukuni ba, ki karanta mata wannan. In ta dage, ki fita daga rukunin.

Allah ne mafi sani.