Injin yankan ciyawa yana yoyon mai: kada ka fara da kafireto

Yarona, ka ce mai lambu ya kawo injin yankan ciyawa, irin na ratayawa a kafaɗa mai zaren roba a baki, yana ƙorafin cewa da ya cika tanki sai mai ya yi ta ɗiga har ya jiƙa masa wando. Kana tambaya ko ka kwance kafireto ka wanke. Bar kafireton nan tukuna. A irin wannan inji, galibin yoyo daga tiyo yake ko daga robar da tiyon ke bi ya shiga tanki. Sai ka gano inda man yake fitowa kafin ka ɗora sukundireba a kan komai.

Fitar da shi waje, nesa da mai walda da duk inda ake hura wuta. Bari salansa ta huce, ka cire hular fulogi. Sannan ka goge jikinsa tas da tsumma ka bar shi ya bushe, domin fetur bin jiki yake yi, inda ka ga yana ɗiga sau da yawa ba nan ne ya ɓullo ba. Barbaɗa hoda ko garin alli a saman tanki, da kewayen tiyo, da ƙarƙashin kafireto. Zuba mai rabin tanki, rufe murfi, danna ɗan famfon robar nan sau biyar ko shida, ka karkata injin hagu da dama yadda mai shi ke yi in yana aiki. Zuba ido. Inda hodar ta fara yin duhu, nan ne ciwon yake.

Tiyo biyu ne ke fitowa daga tankin. Ɗaya dogo ne, a ƙarshensa akwai filta mai ɗan nauyi wadda ke bin mai duk inda aka karkata injin, shi ne ke kai mai kafireto. Ɗayan gajere ne, aikinsa mayar da rarar mai cikin tanki. Famfon robar kuwa ba tura mai yake yi cikin inji ba kamar yadda yara da yawa ke zato: zuƙo shi yake yi ta cikin kafireto, ya kori iska, ya mayar da shi tanki ta gajeren tiyon. Riƙe wannan da kyau, don in ka sauya musu wuri wajen mayarwa, za ka yi ta dannawa famfon bai cika ba.

Matsa tiyon da yatsa. Lafiyayye yana da taushi, kana sakinsa yake komawa daidai. Wanda zafin rana da tsohon fetur suka cinye za ka ji ya yi tauri, in ka lanƙwasa shi kusa da bakin kafireto sai ka ga 'yan tsage-tsage sun buɗe. Abin da ya fi damuna da wannan tsagar shi ne, inda mai ke fita in inji yana tsaye, ta nan iska ke shiga in yana aiki. Irin wannan inji ba shi da wurin baƙin mai na daban, a cikin fetur ake haɗa masa, kamar ƙaramin janareton nan na gida. In iska ta yi yawa mai ya yi kaɗan, to fistin yana gudu ne ba isasshen maiƙo. Za ka ji ƙarar ta hau ita kaɗai, jikinsa ya ɗau zafi, ƙarshenta ya karce silinda ya maƙale. Gyaran da tiyo ɗaya zai gama sai ya koma sayen fistin da ringi.

Canja su duka biyu, haɗe da robar bakin tankin da filtar, ko da ɗaya kaɗai ya tsage, don tare suka tsufa. Tafi kasuwa da tsohon a hannunka a gwada maka kauri, ka tabbatar tiyon fetur ne. Tiyon ƙarin ruwa na asibiti da wasu ke liƙawa ba ya jure fetur, ba ya daɗewa yake sandarewa ya saki baki. Wajen sawa, yanke bakin tiyon a karkace ya yi tsini, shafa masa ɗigon baƙin mai, tura shi ta ramin robar, ka jawo shi ta bakin tanki da filaya mai dogon baki ko waya mai ƙugiya. Datse tsinin ya koma daidai sannan ka sa filta. Ka bar masa tsawon da filtar za ta kwanta a gindin tanki tana yawo ba tare da tiyon ya naɗe ba.

In famfon ne ya tsage, sabo za ka sa. In murfi ne, duba zoben robar da ke ciki da ɗan bawul ɗin da ke barin iska ta shiga ya hana mai fita. Kada ka yarda a huda murfi da ƙusa. In kuwa tankin kansa ne ya fashe, faɗa wa mai shi gaskiya ya sayi wani, domin irin robar da ake yin sa ba ta kama gam, sabulun da ake gogawa a hanya kuma ba gyara ba ne.

Kafireto yana shigowa magana ne in ka ga man yana fitowa ta wajen soson iska alhali inji a kashe yake. Nan allurar ciki mai tare hanyar mai ce ba ta rufewa, ko datti ya tokare ta, ko siririyar robar da ke danna ta ta bushe. Wannan kafireton ba shi da kwanon mai irin na babban janareto, da siraran robobi irin wannan yake aiki, shi ya sa ko an kifa injin ba ya mutuwa. In za ka buɗe, shimfiɗa farin tsumma, ɗauki hoto da wayarka, ka jera komai yadda ka cire. A gefen allura gasket, wato 'yar shimfiɗar da ke hana yoyo, shi ne ke fara zama a jikin kafireton sannan roba ta biyo, a ɗaya gefen kuma roba ce ta farko. Kada ka zura waya a ramukan, kada ka lanƙwasa ɗan ƙarfen da ke ɗaga allurar. Na farkon dai ka kira ni mu yi tare.

Ka gama, sake goge shi, sake barbaɗa hoda, tayar da shi ya yi kamar minti 10, ka kashe ka kwantar da shi a gefe kan kwali ka ga ko zai jiƙa. In mai shi ya zo ɗauka, tambaye shi yadda yake haɗa mai. A bi abin da aka rubuta a jikin injin: in 25:1 ne, baƙin mai mililita 40 ke nan a litar fetur, in 50:1 ne kuma mililita 20. Ka ce masa ya daina ajiye shi a rana da mai a ciki, in damina ta wuce kuma zai jingine shi, ya juye tankin ya tayar da injin har ya mutu da kansa.