Furosesar da ƙafafunta suka lanƙwashe, ɗaya kuma ta karye: za a iya ci gaba da amfani da ita?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kwamfutar tebur da na haɗa da kaina, mai furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Ryzen 5 3600. Na buɗe ta don in kakkaɓe ƙura in kuma sake man da ake shafawa tsakanin furosesa da fankar sanyaya. Da na ja fankar sai ta taso da furosesar a manne, daga nan ta suɓuce ta faɗi ƙasa. Yanzu ƙafafu (siraran filolin ƙarfen da ke ƙarƙashinta) kamar bakwai sun lanƙwashe a gefe ɗaya, guda ta karye gaba ɗaya, murfin ma ya ɗan karce. Shin zan iya mayar da ita in ci gaba da aiki, ko kuwa za ta ƙone mini madabod (babban allon da sassan kwamfuta ke haɗuwa a kai)? Kuɗin sabuwa ya yi mini nauyi a halin yanzu.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kafin komai, kada ka mayar da ita cikin soket, wato mazauninta a jikin madabod, a yadda take, kuma kada ka ba ta wuta da sunan gwaji. Akwai kyakkyawan zaton furosesarka za ta tashi, amma a wannan matakin gaggawa ce kaɗai za ta iya mayar da ƙaramar ɓarna ta zama asarar furosesa da madabod a lokaci guda.

Abin da ya same ka sanannen abu ne ga masu amfani da soket ɗin AM4, wanda kamfanin AMD ya fito da shi a 2016. A wannan tsarin ƙafafun a jikin furosesar suke, guda 1331, kuma abin da ke riƙe su a ramukansu matsi ne kawai na ɗan hannun ƙarfen da ke gefen soket, don haka idan man sanyaya ya bushe ya kama kamar gam, fanka takan fizgo furosesar ko da hannun yana kulle. Intel ya mayar da ƙafafun cikin soket tun 2004 da LGA 775, AMD ma ya bi sahu a 2022 da AM5, ta yadda a waɗannan in an yi ɓarna galibi madabod ne ke shan wahala. Naka tsarin ya fi su sauƙin gyara, domin ƙafar furosesa a miƙe take kuma ta fi ta cikin soket kauri.

Karcewar murfin ba abin damuwa ba ce. Murfin tagulla ne da aka lulluɓe da nikel, aikinsa baza zafi, ainihin ƙwaƙwalwar silikon tana ƙarƙashinsa. Idan karcewar ta ɗago wani tsini da farce ke ji, a goge shi a hankali don fanka ta zauna daidai. Abin da za ka duba da kyau shi ne koren allon da ƙafafun ke manne a jikinsa. Wannan allon hawa-hawa ne na siraran hanyoyin tagulla da ido ba ya gani, kuma idan ya tsage ko kusurwarsa ta ɓalle har ta shiga wurin da ƙafafu suke, to maganar gyara ta ƙare, domin tsagewar kan haɗa hanyoyin da bai kamata su haɗu ba. Haka nan idan ka ga baƙin ƙuna, ko kumburi, ko murfin ya ɗaga daga mazauninsa. Furosesar da ke da ɗaya daga cikin waɗannan alamu ba na ba kowa shawarar ya sa ta a madabod ɗin da yake so.

Ƙafafun da suka lanƙwashe su ne suka fi haɗari a yanzu, ko da yake su ne suka fi sauƙin gyara, kuma mutane da yawa suna ɗaukar abin a juye. Ƙafar da ta karye ta bar gurbi ne kawai, amma wadda ta kwanta har ta taɓa maƙwabciyarta tana iya haɗa hanyar da wuta ke shigowa da ta ƙasa, wato hanyar da wutar ke komawa, ko ta tura wuta cikin hanyar saƙo, kuma a nan ne ake ƙone sashen da ke ba furosesa wuta a jikin madabod. Ka nemi wuri mai haske sosai da madubin ƙara girma, ko kyamarar wayarka. Ka taɓa ƙarfen akwatin kwamfutar kafin ka ɗauki furosesar, musamman a lokacin hunturu da busasshiyar iska ke tara lantarki a jikin mutum, ka riƙe ta a gefe-gefe. Idan ka ɗaga ta daidai idonka ka hango layin ƙafafun kamar mai duba miƙewar kunya a gona, nan take wadda ta fita daga sahu za ta bayyana. Kayan aikin da ya fi dacewa shi ne fensir ɗin nan da ake latsawa, mai baki milimita 0.5, bayan an zare abin rubutun da ke ciki: sai ka zura ƙafar cikin ramin bakinsa ka ɗago ta kaɗan-kaɗan. Bayan haka ka bi tsakanin layukan da reza ko siririn kati, ta tsaye da ta kwance, har su daidaita. Ƙarfen ƙafar yana ƙara tauri duk lokacin da aka lanƙwasa shi, shi ya sa wadda aka kai aka komo da ita sau biyu ko uku takan tsinke daga gindi. Kada ka nemi ta miƙe sak kamar sabuwa. Ya isa ta shiga raminta. Ma'aunin nasara shi ne ka ɗaga hannun soket, ka daidaita alamar nan mai kusurwa uku da ta jikin soket, furosesar ta faɗa da nauyin kanta ba tare da ka danna ba. Idan ta ƙi zama, akwai sauran aiki, ka ciro ta ka sake dubawa.

Ita kuwa wadda ta karye, hukuncinta ya dogara ne kacokan a kan aikin da take yi, kuma ana iya sanin aikin kafin a kunna komai. Akwai taswirar ƙafafun AM4 a intanet mai nuna sunan kowace ƙafa. Ka ƙirga layi da gurbi daga kusurwar da ke da alamar, ka kula ko taswirar daga sama take kallon soket ko daga ƙasan furosesa, domin a nan ake yawan kuskure. Ɗaruruwan ƙafafun na ƙasa ne, masu suna VSS, wasu da dama kuma na wuta ne irin su VDDCR_CPU, kuma tun da aiki ɗaya suke yi a tare, rashin guda ɗaya ba ya hana furosesa aiki, sauran ne za su raba nauyinta. Masu suna RSVD an keɓe su ne kawai, galibi ba sa wani aiki. Akwai kuma wata sa'a da ta keɓanta da irin taka: Ryzen 5 3600 ba ta da sashen hoto a cikinta, don haka ƙafafun da ke kai hoto zuwa ramin HDMI na madabod zaune suke ba aiki. Amma idan sunan ya fara da MA ko MB, ƙafar ta ɗaya daga cikin hanyoyin RAM (ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta) guda biyu ce, kuma kowace hanya tana buƙatar dukkan layukanta 64 na bayanai su cika. A irin wannan hali kwamfutar kan ƙi tashi idan akwai RAM a ramukan wannan hanyar, amma ta tashi idan ka mayar da shi ramukan ɗayar, ka ci gaba da aiki da hanya guda, gudunta ya ragu. Idan ta PCIe ce, wato hanyar da ke haɗa furosesa da katin hoto da ma'ajiya, katin hoto yana iya sauka daga layi 16 zuwa 8 ko ƙasa da haka, ko wata ma'ajiyar fayiloli irin ta NVMe ta ɓace. Idan kuwa ta agogon da ke daidaita bugun aikin furosesa ce ko ta farfaɗo da furosesa, ba za ta tashi ba sam.

Za ka ji wasu suna cewa a jefa karyayyar ƙafar cikin raminta a soket a ɗora furosesa a kai. Wani lokaci takan yi aiki, amma ban yarda da dabarar ba, saboda taɓawar ba ta da tabbas, kuma guntun yana iya maƙalewa ya lalata soket. Idan ƙafar mai muhimmanci ce, gyara na gaskiya shi ne a ciro ƙafa daga matacciyar furosesa a liƙe ta da dalma. Ƙwararren mai gyaran waya da ke aiki da madubin hangen ƙananan abubuwa yana iya yin wannan, matuƙar ɗan faifan tagullar da ƙafar ke zaune a kai bai ɓalle tare da ita ba. Garanti dai ba ya ɗaukar ɓarnar hannu, don haka babu abin da za ka rasa ta wannan fuskar.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne tashin Windows ba shaidar lafiya ba ce. Furosesa mai rauni a hanyar RAM tana iya aiki kwanaki tana ɓata bayanai a ɓoye, sai daga baya ka tarar da fayil ya ƙi buɗuwa. Ka fara kunnawa da RAM ɗaya da katin hoto kawai, hannunka kusa da makunnin wuta, in ka ji ƙauri ka kashe nan take. Ka duba a BIOS, wato shafin saitin madabod da ke zuwa kafin Windows, ko yana ganin RAM ɗin duka, sa'an nan ka bar MemTest86, manhajar gwajin RAM, ya yi zagaye huɗu ba tare da kuskure ko ɗaya ba, ka bi da Prime95, manhajar da ke ɗora wa furosesa aiki mai nauyi, na wasu sa'o'i kana kallon zafi, wanda iyakarsa ga wannan furosesar digiri 95 ne. Manhajar CPU-Z za ta nuna maka ko hanyoyin RAM biyu suna aiki, manhajar GPU-Z kuma ta nuna layukan katin hoto, a Event Viewer, wurin da Windows ke rubuta abubuwan da suka faru, sai ka nemi kurakuran WHEA, wato na kayan cikin kwamfuta. Idan ta tsallake duka, ka yi amfani da ita da kwanciyar hankali don karatu da wasa da aikin yau da kullum. Idan lissafin kasuwa ko amanar wasu kake ajiyewa a kwamfutar, ka riƙa adana kwafi a wani wuri, kuma ranar da za ka sayar da ita ka gaya wa mai saye abin da ya same ta.

Bayan ta zauna, ka rage cire ta, domin ƙafafun da aka miƙar ba su da ƙarfin da. Duk ranar da ya zama dole ka sake cire fanka, ka bar kwamfutar ta yi aiki na minti goma don man ya yi laushi, ka kashe ta ka zare wuta, ka sassauta kusoshin ta kusurwa da kusurwa, sa'an nan ka murɗa fankar hagu da dama a hankali har ta saki kafin ka ɗaga ta.