Tambaya da Amsa: Na saka iOS ɗin da aka nuna a WWDC, wayata ta rikice

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗalibi ne, wata takwas kenan ina koyon Swift, harshen rubuta manhajojin Apple. Bayan taron WWDC na kamfanin Apple na bana wani a guruf ɗinmu ya ce yana da sabuwar iOS (tsarin da ke tafiyar da iPhone) ɗin da aka nuna, wai ta 'yan ciki ce ba kowa ake ba. Na biya shi ya turo min linki na saka wani firofayil, daga baya ya ce sai na shiga iCloud da Apple ID ɗinsa kafin ta sauka. Yanzu waya sai zafi, caji baya daɗewa, manhajar bankina ta ƙi buɗewa, kuma ita kaɗai ce wayata, wallahi hankalina a tashe yake. Shi wannan taron ma menene asalinsa, ba don a raba wa mutane sabuwar iOS ake yinsa ba? Ya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin ka ci gaba da karatu, ɗauki wayar yanzu ka fita daga Apple ID ɗin mutumin nan, tun bai canza fasuwod ba. In ya riga ka ya canza, zai iya kulle wayar daga inda yake ta hanyar Find My, tsarin Apple na neman wayar da ta ɓata, ya ce sai ka sake biya, kuma ko filashin aka yi mata kullen na nan. Zafin da cajin duk masu sauƙi ne akan wannan. Ka fita tukun, sannan ka dawo mu yi magana.

To, batun taron. A'a, ba don a raba wa jama'a iOS ake yinsa ba, ba a taɓa yinsa don haka ba. Tun shekarun 1980 Apple ke tara masu rubuta manhaja, ita kanta kamfanin a 2014 ta ƙirga shi a matsayin karo na 25, wato daga 1990. Shekara da shekaru a San Jose ta jihar Kalifoniya ake yi, a 2003 aka koma ɗakin taro na Moscone a San Francisco, a 2017 aka sake dawowa San Jose. A 2020 korona ta sa aka mayar da komai intanet kuma kyauta, daga 2022 kuma sai aka ƙara da gayyatar mutane kaɗan zuwa Apple Park a Cupertino, sauran duniya na kallo daga gida. Kafin korona tikiti dala 1,599 ne, a 2008 ne tikiti ya fara ƙarewa kaf, a 2013 ko minti biyu bai yi ba ya ƙare, shi ya sa daga 2014 suka koma fitar da masu sayen tikiti ta ƙuri'a.

Amma abin da nake so ka lura da shi ba wuri ko farashi bane, su waye ake magana da su a ɗakin. A 1997, Apple na dab da durƙushewa, ta sayi NeXT, kamfanin Steve Jobs, shi kuma ya dawo Apple a matsayin mai ba da shawara, ya zauna gaban masu rubuta manhaja suna jefo masa tambayoyi cikin fushi saboda an kashe OpenDoc, wata fasahar haɗa manhaja da suka ɓata lokacinsu a kai. Shekara ɗaya bayan nan a 1998 aka fito da Carbon, hanyar da tsofaffin manhajoji za su yi aiki a sabon tsarin Mac da ɗan gyara kawai, domin manyan kamfanoni irin su Adobe ba su yarda su sake rubuta manhajojinsu daga farko don sabon tsarin ba. Kaga ciniki ne ake yi tsakanin kamfani da mutanen da in babu su na'urar ba ta da amfani. A 2002 har akwatin gawa Jobs ya kawo kan dandamali ya yi wa Mac OS 9 jana'iza, saƙon kuwa ga masu rubuta manhaja ne, cewa ku daina ɓata ƙarfinku kan tsohon tsari. A 2007 ya ce musu in suna son manhaja a iPhone su rubuta ta yanar gizo da Safari zai buɗe, ba su ji daɗi ba ko kaɗan, kafin shekara ta zagayo aka ba su kayan aikin rubuta manhaja ta gaske, App Store ya buɗe a Yulin 2008 da manhajoji wajen 500. Swift ɗin da kake koyo ma a can aka fito da shi a 2014, SwiftUI a 2019. Eh an nuna na'urori a wasu shekarun, iPhone 4 a 2010, Vision Pro a 2023, wannan ne ya sa jama'a suka ɗauka bikin sabbin kaya ne.

Misalin da na fi so in ba ɗalibai shi ne na canjin furosesa. A 2005 da aka sanar kwamfutocin Mac za su koma furosesan kamfanin Intel, an ba masu rubuta manhaja wata kwamfutar gwaji kan dala 999, haya ce, sai an mayar. A 2020 da za a bar Intel a koma cif ɗin Apple, haka aka sake yi, Mac mini mai cif ɗin iPad kan dala 500, ita ma sai an mayar. Ba kayan sayarwa bane, kayan gwaji ne don manhajarka ta shirya kafin na gaske ya fito. To iOS ɗin da ake nunawa a taron a watan Yuni, wadda ake kira beta, ita ma haka take, ba wani bambanci.

Nan ne raina yake ɓaci, don kusan kullum sai na samu saƙo irin naka daga Yuni zuwa Agusta. Mutane sun ɗauka beta tana nufin ka riga kowa samun sabon abu, kamar wata alfarma. Ba haka bane ƙanena. Beta aiki ne da ba a gama ba, ginin da ba a yi wa rufi ba ne, an buɗe shi ne don magina su shiga su ga inda ke tsagewa. Ana sakinta ranar farko ta taron don mai manhaja ya samu kamar wata uku ya gwada, ya gyara, ya aika rahoton matsala ta Feedback Assistant, kafin a saki ta kowa da kowa a Satumba. Bankinka bai gama wannan aikin ba, shi ya sa manhajarsa ta ƙi buɗewa, wasu manhajojin kuɗi ma da gangan suke ƙin aiki kan tsarin da ba su tantance ba, kuma suna da gaskiya. Zafin da shan cajin kuma, bayan babban afdet waya na sake jera hotuna da fayiloli a bayan fage, ga kuma bayanan matsala da beta ke tattarawa, ga kurakuran da ba a gano ba tukun. Ita Apple da bakinta take cewa kar a saka a wayar da mutum ya dogara da ita. Amma sai ka ga wani da bai taɓa buɗe Xcode ba, wato manhajar da ake rubuta manhajojin Apple da ita, ya yi bidiyo yana cewa ku zo ku saka, ba ya faɗin komai kan bakaf, ba ya faɗin cewa komawa baya sai an goge wayar gaba ɗaya, shi dai a kalla a danna masa. Wani kuma ya mayar da abin sana'a yana karɓar kuɗin mutane.

Kuma kuɗin me ma? Da can sai mai biyan dala 99 a shekara na shirin masu rubuta manhaja ke samun beta ta farko, daga nan ne wannan kasuwar ta samo asali. Tun 2023 duk wanda ya yi rajista da Apple ID ɗinsa a shafin masu rubuta manhaja na Apple yana samunta kyauta. Sannan tun daga iOS 16.4 aka bar hanyar firofayil, a cikin saitin waya wajen sabunta tsari ake kunnawa. Wato firofayil ɗin da ya sayar maka ba shi ya kawo maka beta ba, to me yake yi a wayarka? Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna. Firofayil na iya saka wa waya VPN, ko satifiket da zai sa a iya leƙa abin da kake aikawa, ko ya miƙa ragamar wayar ga wani kamar yadda kamfanoni ke yi wa wayoyin ma'aikatansu. Kai da kake koyon wannan fanni, gobe bayanan mutane za su bi ta manhajarka, bai kamata a ce ka danna amincewa kan abin da ba ka karanta ba. Ba faɗa nake maka ba, na san ɗoki ne, amma dole in faɗa.

Ga yadda za ka yi. Bayan ka fita daga asusunsa, shiga saiti, sashen VPN da sarrafa na'ura, ka cire firofayil ɗin. Da wata na'urar daban ka canza fasuwod na imel, na banki, da na Apple ID ɗinka, ka duba ko an taɓa asusunka. Ka sani duk hoto ko lambar da wayar ta tura iCloud a kwanakin nan asusunsa ta tura, don haka in akwai hoton katin banki ko na takardun shaida a ciki ka sanar da bankin. Daga nan ka kwashe hotuna da fayilolinka zuwa kwamfuta da hannu, ka haɗa wayar da kwamfutar ta kebul ɗin caji, ka sa ta a yanayin farfaɗowa, ka dawo da iOS ɗin da kowa ke kai ta Finder ko iTunes. Komai zai goge. Bakaf ɗin da aka yi kan beta baya hawa kan tsohuwar iOS, sai wanda ka yi kafin ka saka ta, in kana da shi. In kuma kana da Apple Watch kar ka kuskura ka saka mata beta, ita ba a iya dawo da ita a gida, sai an kai wa Apple.

Don karatunka kuwa, ba ka buƙatar beta a wayarka sam. Sauke Xcode na gwaji a Mac, akwai kwaikwayon iPhone a cikinsa mai sabuwar iOS ɗin, a nan za ka gwada abin da ka rubuta. Bidiyoyin darussan taron duk kyauta ne a manhajar Apple Developer, sama da ɗari kowace shekara, kar ka tsaya a jawabin buɗewa, wanda ake kira Platforms State of the Union da ke biyo bayansa shi ne naku. Tunda ɗalibi ne kai, ka duba gasar Swift Student Challenge da suka fara a 2020, shigarta ba ko sisi. In ka gwada fita daga asusun ya ƙi karɓar fasuwod ɗin, kar ka tura masa ko kwabo, nemo rasit ɗin sayen wayar ka tuntuɓi sashen taimako na Apple, sannan ka sake rubuto min mu ga inda aka tsaya.