Amsar Yaya kan maganar masu zanen komik a Jos

Ga muryar da Yaya ya turo jiya da daddare, na rubuta ta saboda waɗanda ba su da data.

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da dare. Ƙanwata na ji saƙonki tun da rana ina wajen aiki shi ya sa ban amsa ba, kin ce kina zane a waya da manhajar zane ta ibisPaint, kina da labari mai shafi wajen ɗari a kanki, kuma kina tambaya ko akwai inda masu zanen komik ke haɗuwa a Jos ko dole sai mutum ya je Legas. Toh bari in miki bayani a tsanake.

Gaskiya ne manyan abubuwan a Legas suke. Lagos Comic Con, babban taron masu komik, tun 2012 Ayodele Elegba ya fara shi, sannan kamfanin Comic Republic na Jide Martin suka zo a 2013 suna sakin komik ɗinsu kyauta a intanet mutane na karantawa a waya. Kafin su ma akwai Wale Adenuga da mujallarsa ta barkwanci Ikebe Super tun 1976, daga cikinta Papa Ajasco ya fito har ya koma talabijin. Kuma ko a nan kusa da mu ga Mustapha Bulama mai zane a jaridar Daily Trust, ki riƙa duba zanensa, ki ga yadda yake faɗar maganar da za ta cika shafi da hoto ɗaya tak. Amma ni abin da nake so ki riƙe shi ne duk waɗannan mutanen akwai abin da suka gama suka ajiye a gaban jama'a, mu kuma nan matsalarmu kenan, kowa na da babban labari a ka, ba wanda ya kai na shafi takwas ƙarshe.

Don haka ki ajiye mai shafi ɗarin nan tukuna, ba zai gudu ba. Ki yi shafi takwas. Takardar A4 guda biyu ki ninke su a tsakiya, shi kenan kin samu ɗan littafi mai shafi takwas, kuma ki sani duk littafin da ake ninkewa a danna masa fin a tsakiya shafukansa huɗu-huɗu suke tafiya, 8, 12, 16, in kika yi tara sai kin bar wasu fayau. Wajen jerawa kuma a nan mutane ke rikicewa, shafi na 8 da na 1 fuska ɗaya suke zama, bayansu 2 da 7, takarda ta biyu 6 da 3, bayanta 4 da 5. Ki fara ninke farar takarda ki rubuta lambobin da biro sannan ki warware ki gani da idonki, ya fi duk bayanin da zan miki. Baƙi da fari za ki yi, kala tana cin kuɗi sosai, bangon kawai ki sa a kwali mai ɗan kauri. Masu fotokofi na wajen Taminus ko bakin jami'a duk za su iya.

Sai maganar da ta fi damuna, rubutun Hausa. Ki fara rubuta maganar sannan ki zana da'irar da za ta zagaye ta, kar ki zana da'ira ki zo kina cusa magana, Hausa tana son fili, gaisuwa kaɗai ta isa ta cinye rabin hoto. Kuma ki kula da ƙ da ɗ da ɓ. Wallahi akwai shekarar da na kai aikina wajen wani mai firinta, kwafi hamsin, na biya na karɓo ban buɗe ba sai da na iso gida, ashe salon harafin da ke kwamfutarsa bai san harufanmu masu ƙugiya ba, duk inda suke sai ɗan akwati ya fito, sunan yarinyar labarin ma bai tsira ba. Ranar ban iya cin abinci ba, don kuɗin na tara su ne wata da watanni. Tun daga nan da hannu nake rubutuna, in kuma a waya kika yi to ki mayar da shafin hoto ko PDF kafin ki kai, kuma ki tsaya a buga kwafi ɗaya ki karanta shi tas a gabansu.

Batun haɗuwa kuma, eh muna haɗuwa, ba mu da yawa amma muna nan. Asabar ɗin ƙarshen wata bayan la'asar muke zama a wajen gidan tarihi, wani lokaci mu bakwai wani lokaci mu goma sha, akwai 'yan makarantar koyon fim da ke zuwa saboda su ma suna zana labarinsu hoto-hoto kafin su ɗauka, akwai Musulmi akwai Kirista, akwai mai Hausa akwai mai Birom akwai mai Turancin buroka, kowa ya baje nasa a tabarma a zagaya ana dubawa. Ni wurin nan yana taɓa ni, gidan tarihin nan tun 1952 yake, a ciki ga kawunan Nok da mutanen ƙasar nan suka ƙera da yumɓu sama da shekara dubu biyu, ki je ki tsaya ki kalli yadda suka yi ido da gashi, za ki koma gida hannunki na ƙaiƙayi.

Abin da muke yi ba wuya, mutum ya miƙa shafinsa a karanta shiru ba tare da ya yi bayani ba, in an gane labarin to zanen ya yi aiki, in an tsaya ana tambaya wane ne wannan to ya san inda zai gyara. Kuma don Allah ki zana Jos ɗin da kika sani. Yaranmu da yawa sai su zo da jarumi mai gashin Japanawa yana tsalle a kan bene mai hawa hamsin, alhali ga duwatsun Shere, ga kududdufan da haƙar kuza ta bari, ga masu dankali da tumatir a Farin Gada da asuba cikin rigunan sanyi, ga mai shayi da hazo ya rufe shi. Ba wanda zai zana mana waɗannan daga Legas.

Kin kuma ce Baba ba ya son zanen mutane. Wannan kar ki ɗauke shi da wasa kuma kar ki yi a ɓoye, magana ce da malamai suka yi bayani a kai, ki zauna da shi cikin ladabi ki nuna masa abin da kike yi da abin da labarin ke koyarwa, in ya ce a tambayi malami a tambaya. In ya amince ki zo, to ki taho da yayanki ko wata 'yar'uwa, akwai mata biyu da ba sa fashi za ki samu abokan zama, kuma muna tashi kafin magariba saboda masu nisa irin Bukuru.

Ki taho da fensir da shafukan ko ba ki gama ba, ko a waya ne ma a gani, sitefula ina da doguwa mai kaiwa tsakiyar takarda zan zo da ita. Ki sa rigar sanyi, wajen akwai iska da yamma. Sai mun gan ki, a gaida su Mama.