Kada ki kama gida sai kin duba makarantar yara

Ƙanwata, saƙonki na uku ke nan, ga amsa. Kin ce kin samu gurbin digiri na uku a Ingila, za ki fara kama gida mai arha, in kin zauna da gindinki ki sauya unguwa, wai za a bar yara a makarantarsu?

Za a bar su. Nan ba a korar yaro don iyayensa sun tashi, ko da kun koma wata ƙaramar hukuma. Amma kada ki ɗauka irin tashinku daga Tudun Wada zuwa Samaru ne, da kika ƙara wa mai Keke Napep kuɗi ya ci gaba da kwasar su. Nan ke ce mai keken.

Ni na ɗanɗana. Mai gida ya sayar da gidansa, muka tashi ana tsakiyar zango. Na rantse ba zan cire babbar 'yata daga makarantarta ba, don sai da ta yi wata shida tana kuka kafin ta yi ƙawa ɗaya a aji. Na nemi katin mota kyauta, aka hana. Wai sai idan makarantar ce mafi kusa, kuma nisanta ya wuce mil 2 ga ɗan ƙasa da shekara 8, mil 3 ga wanda ya kai. Tunda ni na zaɓi ta nesa, ruwana.

Mota biyu muke shiga. A Disamba mu fito gari bai waye ba, yarinya na cin burodi a tasha hannunta na karkarwa. Ƙarfe uku kuma ina tsaye bakin ƙofar makaranta, na baro aiki. Babu Gwaggo, babu maƙwabciyar da za ki ce don Allah ɗauko min su.

Abin da ya fi ƙona min rai, da ƙaninta ya isa shiga, makarantar ta cika, aka ba yaran da ke zaune kusa da ita. Yara biyu, makarantu biyu, duk lokaci ɗaya ake buɗewa. Shekara biyu ina wannan safa da marwa, kuma alhamdulillahi a can ta gama firamare, ban roƙi kowa ba.

Ki gode Allah digiri na uku ne, don tun Janairun 2024 yawancin masu digiri na biyu ba a barin su zuwa da iyali. Kafin ki biya ko sisi, turo min sunan unguwar, in kira ƙaramar hukumar in ji ko akwai gurbi a ajin yaran. Ki gaida Inna.