Ku Tambaya Mu Amsa: Sandar katako ko ta kabon?

TAMBAYA: Salam Malam. Ni ɗan sinuka ne, nan wajen Zoo Road muke bugawa da yamma, irin teburin nan mai ƙwallaye masu lamba. Yayana dake Dubai zai aiko min da sanda, yace in zaɓa tsakanin Predator 314 ta katako da Revo ta kabon, wai duk biyun basa kautar da farar ƙwallo sosai in ka bugi gefenta. Abokaina sun dage wai wacce tafi tauri ita tafi saiti. Haka ne? Kuma wacce tafi daɗin hannu? Mai karatu daga Gandun Albasa.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena. Abokanka sun haɗa abu biyu ne da ba ɗaya ba, tauri daban, kaucewa daban.

Ka lura in ka bugi fara ta gefen dama bata bin inda sanda ta nuna, sai ta ɗan zame hagu. Abinda ke jawo hakan nauyin bakin sandar ne, wato ƴan incin nan biyar zuwa takwas na ƙarshe, don lokacin da ƙwallon ta fara juyawa tana ture bakin gefe shima yana ture ta ɗaya gefen, toh in bakin mai nauyi ne sai ƙwallon ce zata kauce, in mara nauyi ne shi zai goce ya bata hanya. Shi yasa da kamfanin Predator suka fito da 314 a 1994 suka rarake cikin bakin, jikin kuma suka haɗa shi da tsagin katako goma da aka manne. Revo a 2016 ta zo, bututun kabon ce baƙa, tafi 314 tauri nesa ba kusa ba amma itama bakinta ba nauyi. Kaga kenan ba taurin bane yake gyara saiti.

Inda tauri yake aiki shine a tafin hannunka. Katako yana ɗan lanƙwasa, in ka buga zaka ji rawar ta sauko har hannun baya, ƙarar ma a tausashe take. Kabon kuwa tas zaka ji, gajeren sauti, rawar kaɗan ce, wasu suna so don kamar ƙarfin bugun duk ya tafi cikin ƙwallon, wasu kuma musamman waɗanda suka daɗe da katako cewa suke basa jin komai. Wannan kam ra'ayi ne, babu mai gaskiya. Kuma fatar dake kan bakin tana canza jin bugun sosai, ka sa mai laushi akan Revo rabin taurin da ake kuka dashi ya tafi.

Kauri ma ka duba. 314 bakinta milimita 12.75 ne, Revo akwai 11.8 da 12.4 da 12.9. Siririyar tana bada murɗin ƙwallo da sauƙi amma bata yafe kuskure, ni bazan baka ita a farko ba.

Ni dai in yaya zai iya biya, don tafi tsada, 12.4 ta kabon zan ce, kuma saboda Kano ne. Hunturu ya busar da katako damina ta kumbura shi, ka bar sanda a but ɗin mota cikin zafin Afrilu ka dawo ka mirgina ta akan tebur ka ga tana tsalle. Kabon babu ruwanta da wannan, gumi ma tsumma kawai zaka sa ka goge, ba sai kayi ta barbaɗa hoda kana ɓata wa mai tebur kyalle ba. Amma kada ka kuskura ka goga mata samfefa.

Ka gaya wa yaya ya sayo sandar cikakkiya, gaba da gindi, don 314 da Revo rabin sanda ne na gaba kawai, kuma zaren mahaɗar da ake ɗaura su da gindi kala-kala ne, ba kowane ke shiga wani ba. Sannan kwanakin farko zaka yi ta zubar da ƙwallayen gefe, hannunka ya saba ragewa sandar tebur kaucewarta, don haka kada ka shiga gasa da ita sai ka ɗan zauna kai kaɗai ka sake koyon saiti. Fasa ƙwallaye na farkon wasa kuma ka cigaba da yinsa da ta mai tebur.